Isha'aku, Ni da Bishop

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam Liman. Shugaban jama'armu na unguwar Madain Fahd, Alhaji Abdelkader. Hajiya Uwani, mai ɗakin marigayi. 'Ya'yan marigayi, kuma 'ya'yana, Othman da Rumaisa. Jama'a, sannunmu da rashi.

Ni ne Abdoulaye. Tare muka tashi da Isha'aku a lungunan Balad.

Ya kasance tafintanmu. Wanda duk iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar nan, ta rikice, shi ke shige masa gaba. Ya kasance mai karatu a cikin masu surutu. Ya kasance nawa ni kaɗai, kafin Bishop ya shiga tsakaninmu.

Ga wanda bai sani ba, Bishop wani babban limamin coci ne a Ingila, ya mutu shekaru aru-aru. Isha'aku ya tsinci labarinsa a littafi. Wai da furfurarsa ya koyi Larabci. Wai da sarki da majalisa suka gwabza yaƙi aka tuɓe Bishop ɗin, ya ƙare a ƙauye, bai kuma daina karatu ba.

Shi ke nan, shayinmu na la'asar a unguwar Bagdadiyya ya lalace. In ce, "Yalla, mu tafi." Ya ce, "Bari in gama da Bishop." Har baƙinmu na Agadas suka ɗauka Bishop kafilin Isha'aku ne, wato ubangidansa, wani ma ya roƙe ni in nema masa aikin tuƙi a wurinsa. Ku kun yi dariya, ni kuwa kishi ke cina, kuma har gobe ina yi. Mutumin da bai taɓa sa hannu a kwanonmu ba, shi ne kullum a bakin aminina.

Hajiya, kina wurin ranar da na kasa daurewa a asibiti. Na ce, "Isha'aku, tsakaninka da Allah, ni ko Bishop?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Abdoulaye, halas mana, ya isa haka. Shi an kore shi ya mutu cikin baƙi, tausayinsa nake ji. In na cika, Bishop ne zai wanke ni?"

Ni na wanke shi, jama'a. Ni na sa masa likkafani. Wannan kam Bishop bai samu ba, amma da za a ba ni zaɓi, da na bar masa la'asar ɗin duka, in dai Isha'aku zai zauna da ransa.

Othman, Rumaisa, ƙofata ƙofarku ce. Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Isha'aku, ya haskaka makwancinsa, ya sada mu a inda ba zai ce in jira shi ba. Amin.