Kunyar da ke Cin Auta

Shugaban wannan taro, likitoci da ma'aikatan jinya da suka ajiye aikinsu suka zo, iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne masu jinya a gida, da ku masu ɗauke da wannan larura da kuka daure kuka fito, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni wuri, ko da yake ba ni ya kamata in tsaya a nan ba. Ƙanena aka gayyata, autanmu, shi ne mai larurar. Ya yi wanka, ya goge rigarsa, mun taho tare, muna isowa bakin ƙofa ya ce ƙafarsa ta ƙi. Yanzu haka yana kan bencin waje, kusa da tankin ruwa. Sai ku yi haƙuri da yayarsa, wadda ba ta iya jawabi ba, wadda kuma, ba zan ɓoye muku ba, ta gaji.

Na farko, ciwon kansa. Likita ta faɗa mini sunansa da Turanci, na ce ta taimaka ta sauko da shi ƙasa. Ta ce larura ce ta rashin daidaiton hali da motsin zuciya: mutum ya so ka da safe kamar ya haɗiye ka, da yamma ya tabbata gudunsa za ka yi; abin da zai ɗan sosa wa wani rai, shi sai ya ƙone shi ƙurmus. Na ce mata wannan ai a gidanmu ake yi.

Na biyu, kuma shi ya kawo ni, kalmar kunya. Mun tashi mun tarar kunya abin yabo ce. Idan aka ce yaro mai kunya ne, uwarsa sai ta wuni tana murmushi. Ba mu san akwai wata kunyar ba. Tamu tana ce wa mutum ya yi abin da bai dace ba, ya gyara. Ta masu wannan larura tana ce masa shi ne abin da bai dace ba, ya ɓace.

Auta yana aiki a gidan burodi, shi ke kula da tanda. Wata rana tire ɗaya ya ƙone. Mai gidan burodin, mutum mai sanyin hali, ya ce, "Auta, a riƙa lura mana." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Auta ya tuɓe rigar aiki ya yi jifa da ita, ya zazzaga wa bawan Allah nan maganganu a gaban ma'aikata, ya dawo gida ya kulle kansa a ɗaki. Gwaggonmu, wadda labari ba ya kwana bai same ta ba, ta zo ta tsaya a bakin ƙofar, ta ce, "Kai dai an yi marar kunya. Mutumin da ya rufa maka asiri? Ko kunya ba ka ji ba?"

Bai buɗe ƙofar ba. Sai muka ji muryarsa ƙasa-ƙasa: "Gwaggo, ban da ita me nake ji?"

Jama'a, shekara da shekaru dangi suna kiransa marar kunya, alhali ita ce ke cinsa. Ihun nan da jifan nan, duk gudunta yake yi, kuma yana gamawa ta ninku. Mai gidan burodi ya aiko cewa gurbinsa na nan, amma tanda ba ta jira har abada. Auta yana son aikin, yana kuka a kansa, amma ko layin ba ya iya bi. Asibiti ma ya daina zuwa, don ya taɓa saɓa ranar ganin likita, ya ce ba shi da idon da zai kalle ta. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi shiru, na sake lallashi, har bakina ya bushe.

Na ƙarshe roƙo ne. Ku cire kalmar nan ta "marar kunya" daga bakinku idan kuna magana da masu wannan larura, don kada ku ƙara wa mai nauyi kaya. Kuma ga nawa roƙon na yau: idan Auta ya iya ƙetare ƙofar nan, ina sa ran zai iya ƙetare ta gidan burodi. Saboda haka in kun ji ƙofar nan ta motsa, don Allah kada a tafa, kada a waiwaya, kada a ce masa sannu da ƙoƙari. Wanda ke bakin layi ya ɗan matsa kawai, kamar kowa ne ya makara.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙurin da ya fi nawa, ya saka wa likitocinmu da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni zan koma bencin in zauna kusa da shi. A bar mana ƙofar a buɗe.

Na gode.