Kwanon Awon Sabiru

A tashar Daura, motar zuwa garin Babban Mutum saura mutum uku ta cika. Malam Dabo na zaune a ƙarshen benci da jaka a cinya, sai wata mai sayar da wake ta zauna tana huci.

"Baba, ka ji zalunci! Don ban yanki tikitin kasuwa ba, mai haraji ya ƙwace mini kwanon awo. Da ɗana ne ya yi haka, ɓarawo za a kira shi."

"Ɗanki ba hukuma ba ne, 'yata. Da kuɗin ake share kasuwar, a biya mai gadi."

"To in hukuma ce ta ƙwace, sai ya zama halal?"

"In ba ta ware kowa ba. Shekara talatin na yi ina wannan aikin, ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ko naka?"

"Har ƙanena Sabiru. A gaban jama'a na ƙwace nasa, don kada a ce ina son kai. Tun ranar bai sake taka gidana ba."

Ya buɗe jakar, ga tsohon kwano duk ya yi tsatsa.

"Mayar masa za ka yi? Ai gara, Baba."

"Shekaranjiya aka binne shi. Sai yanzu na ji a bakin direban nan."

"Allah ya jiƙansa," ta ce a hankali.

Ya rufe jakar. "Amma fa a kan doka na yi."

Ba ita yake kallo ba.