A Bar Muryar Baba a Bayan Bango

Mai girma shugaban wannan taro, mai gidan da muke haya a cikinsa, dattawanmu, iyaye mata, maƙwabta na sama da na ƙasa, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama, ina kuma godiya ga Anti Nas, ma'aikaciyar jinyar da bango ɗaya ya raba mu, da ta kawo ƙarata gabanku maimakon ta ci gaba da haɗiyar fushi. Gaskiya ta faɗa: tana kwana a bakin aiki, ta dawo ta kwanta da rana, sai sifikarmu ta hana ta runtsawa. Ban zo musu ba, roƙo na zo yi.

Da farko, ku san abin da ke cikin sifikar nan. Ba kiɗa ba ne. Muryar mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, wadda ƙanena ya ɗauka a waya yana gardamar ƙwallo da abokansa. Mama kuwa, kun sani, tsufa ya tafi da tunaninta. In na kunna a falo tana ɗaki, sai ta jiyo gunaguni da dariya ta bayan bango, ta ce, "Maigidan ya yi baƙi, a rage surutu." Daga nan ta karɓi cokali ta ci abinci. In ba haka ba, ko ruwa sai an kai ruwa rana.

Na biyu, wallahi ban naɗe hannu ba. Tsohuwar sifikarmu ta katako ce, mai ƙugi, tana ƙasa a kusurwa. Na ɗaga ta, na ɗora a kan tawul, na janye ta daga bango. Anti ta sami barci, Mama ta daina ji, domin ƙugin da ke ratsa bango ya kai wa Mama, shi ne yake ratsawa ya kai wa Anti. Na aro ƙarama mai kama da gwangwanin madara, sai Baba, mai muryar da ke cika gida, ya koma kamar mai mura. Mama ta ce, "Wane yaro ne wannan marar kunya?"

Sai wani mai shagon sifika ya ba ni wata doguwa, ya ce, "Yaya, kai ta ɗakin kawai, ki ɗora daidai kunnenta, ta fuskanci gado. Ba mai ji sai ita." Na yi haka. Jama'a, sauti ya fita tas! Har tarin Baba, har ƙarar cokali a kofin shayi. Mama ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali, ta dubi kujera, ta dubi ƙofa, ta leƙa bayan labule. Sannan ta juyo ta dube ni ta ce, "Ya tafi, ko?" Na ce e. Ta yi kuka irin na ranar da aka fita da shi. Garin neman gira na rasa ido.

Washegari ta manta amsar, amma ba ta manta tambayar ba. Tun ranar ruwan shayi kawai take kurɓa, zoben hannunta har ya fara zamewa.

To ga roƙona. Ku bar ni in mayar da tsohuwar sifikar kusurwarta, lokacin cin abinci kawai, kuma Anti ce za ta zaɓi lokacin. Anti, na san haƙƙinki ne, na san gajiya ba ta san uzuri ba. Amma kullum sai Mama ta tambaye ni, kuma bakina ya gaji da kashe mata miji.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mai aikin dare barci mai daɗi, ya bar mu da maƙwabta masu tausayi. Allah ya tashe mu daga wannan zama lafiya.

Na gode.