Abin da Baba Masinja Yake Ajiyewa a Matakala

Mai girma shugaban taro, manyan baƙinmu, abokan hulɗarmu masu haƙuri, ma'aikatan wannan kamfani na akantoci manya da ƙanana, Yayana kuma abokin tarayyata da ke can yana hararata, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka amsa gayyatar bikin sallamar Baba Masinja, wanda ya yi shekara ashirin da shida yana jigilar fayil tsakanin ofishin Yaya da ke saman bene da nawa da ke ƙasa.

Da farko, bari in amsa laifina. Ni na kawo sabuwar manhajar nan, ni na ce zamanin takarda ya wuce, ni kuma na ce tunda fayil zai riƙa hawa bene da kansa, Baba ya je ya huta. Manhajar ba ta ba ni kunya ba, domin aikin mako guda take gamawa kafin shayi ya huce.

Na biyu, abin da ban sani ba. Duk shekarun nan, in Baba ya sauko da fayil sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, Yaya na gaishe ka, ya ce aiki ya yi kyau, sai dai a ɗan leƙa shafi na huɗu." To, ranar da muka koma kan manhaja, saƙon Yaya ya iso mini kai tsaye: "Wannan rahoton, da ƙafa aka rubuta shi?" Ni kuwa na mayar masa da irin amsar da na saba ba Baba, wadda ashe ba ta taɓa isa sama ba. Kafin wata ya cika mun daina gaisawa, matanmu sun daina gaisawa, har lauya ya fara shirya takardun raba kamfanin da mahaifinmu ya bar mana. Wallahi na tsorata, domin mutum talatin ne ke cin abinci a nan, kuma Yaya ɗaya gare ni.

Na uku, sai na tafi gidan Baba. Na ce, "Baba, ashe ƙarya kake shara mana?" Ya ce, "Ƙarya kuma, ranka ya daɗe? Zagin ne ke yi mini nauyi, sai in ajiye shi a matakala in ƙarasa da fayil." Na roƙe shi ya dawo, har da alkawarin kujera mai juyawa. Ya ce, "Ni gwiwata ta gama aiki. Taka fa, me ya same ta?"

Washegari na kama hawa benen da kaina. A tsakiyar matakala na yi kiciɓis da Yaya yana saukowa yana haki. Ashe shi ma ya je wurin Baba, amsa ɗaya aka ba mu. Muka tsaya cirko-cirko. Can sai ya ce, "Rahotonka dai har yanzu shirme ne. Ka karya kumallo kuwa?" Jama'a, rabona da jin wannan tambaya daga bakinsa tun rasuwar mahaifiyarmu. A ranar muka sallami lauya.

Allah ya saka wa Baba da alheri, ya ba gwiwarsa lafiya. Allah ya sanya albarka a manhajarmu, ya shiryi yatsun masu rubutu a cikinta, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.