Iskar da Ta Shiga Mota

Tsohuwar motar gas ta ƙi tashi a ƙofar gida, mai ita na ta murza makulli, matarsa na ciki tana naƙuda. Wani direba ya leƙo.

"Malam, za ka kashe batir! Kullum haka take?"

"In ta kwana sai gardama, da rana lafiya lau."

"Iska ce ta shige ta."

"Haka surukata ta ce! Har ta aika a kira mai magani."

"Iskar bututun mai, bawan Allah! Danna famfon kan filta har ya yi tauri."

Ya danna, ya murza, mota ta ɗauka.

Sai ga wani dattijo da kaskon garwashi da turare.

"Ina marar lafiyar? Ku buɗe min tankinta."