Hannu Mai Yatsu Uku a Littafin Iliya

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Sunana Dauda, daga ƙauyenmu na bayan Dayi. Da yawanku kun san wata tara ke nan ban tako cocin nan ba. Ban iya doguwar magana ba. Zan faɗi abin da ya faru ne kawai.

Ku dubi hannuna na dama. Yatsu uku ne. Biyun injin casar masara ne ya cinye, ranar da bel ya kama hannun rigata. Ɗana Iliya yana wurin, yana da shekara goma sha ɗaya. Shi ya ɗaure mini hannun da rigarsa.

Iliya ya girma, Allah ya ba shi kai, ya shiga jami'a yana karatun injiniya. A shekara ta huɗu akan tura su koyon aiki a wurin masu sana'a, abin da suke kira Ai-Ti. Abokansa suka nemi manyan kamfanoni a Kano da Kaduna. Shi kuwa ya zaɓi shagon Malam Hamisu a Funtua, mai ƙera injinan casa.

Na ce masa, "Duk karatun nan, a walda za ka ƙare?"

Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai a nan aikin yake."

Akwai littafin da ake ba su, kullum su rubuta aikin da suka yi, ƙarshen mako maigidan shago ya sa hannu. Na sha ganinsa da littafin. Ban taɓa tambayar abin da ke ciki ba.

Da ya gama a Funtua, makarantarsu ta zaɓe shi ya je Indiya ya ƙara wata shida a wata masana'anta. Kowa ya yi murna, ban da ni. Tafiyar ta faɗo a kan kaka, kuma a raina na ce in ya ga injinan can, ya gama da mu ke nan.

Ranar tafiya ya same ni ina wasa lauje. Ya durƙusa ya ce, "Baba, a sa mini albarka."

Na ce, "Ka gai da Indiyawa. Masarar za ta girbe kanta."

Na saɓa laujena na tafi gona. Uwarsa Talatu ce ta raka shi bakin titi. Duk sanda ya bugo waya, sai in miƙa mata.

A wata na uku zazzaɓi ya kama shi. Kwana huɗu a asibiti, Ubangiji ya ɗauke shi. Masu bi na can suka binne shi. Ban ga fuskarsa ba, ban zuba masa ƙasa ba.

A gidan Maguzawa aka haife ni, kuma tun da na karɓi Yesu na bar burukutu. Bayan rasuwar Iliya na koma. Wasunku sun zaci fushi nake yi da Allah. Ba fushi ba ne, kunya ce. Da wane baki zan ce Uba ya sa mini albarka, ni da ɗana ya durƙusa na hana shi? Da aka aiko da akwatinsa, na tura shi ƙarƙashin gado, na ce kada wanda ya buɗe.

Wata safiya cikin damina sai ga Malam Hamisu a kan babur. Na san ya ji warin abin da na sha, amma bai nuna ba. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Dauda, ta'aziyya na riga na yi. Yau roƙo ya kawo ni. Yaron nan ya bar wani aiki a shagona, kullum ina tuntuɓe da ƙarfen. Awon yana cikin littafinsa."

Talatu ta shiga ɗaki, ba ta tambaye ni ba, ta buɗe akwatin ta fito da littafin.

Ba na karanta Turanci, amma zane kowa na gani. Murfi ne na ƙarfe da zai rufe bel ɗin injin casa. A gefen shafin, Iliya ya zana hannu mai yatsu uku.

Malam Hamisu ya ce, "Ka san mutanenmu. In murfi ya hana su canza bel da sauri, kwance shi suke yi su jefar. Shi yana neman wanda za a ɗaga da hannu ɗaya a mayar. Ya ji a Indiya suna da dabarar. Abin da ya kai shi ke nan. Bai gaya maka ba?"

Na ce, "Ban bari ya gaya mini ba."

Na yi ta buɗe shafukan. Hannun yana a makon farko na Funtua. Yana kuma a shafi na ƙarshe, wanda ya rubuta a Indiya, bayan abin da na yi masa.

Da baƙon ya tafi, na zaga bayan rumbu na durƙusa, da rana tsaka. Na ce, "Uba, na hana ɗana albarka, shi kuwa bai daina yi mini aiki ba. Ka gafarta mini. Tunda yana wurinka, kai ka sa masa." Ban ji wata murya ba. Amma na yi kuka, wanda ban yi ba tun ranar da aka bugo wayar rasuwarsa. Yau mako bakwai ban kusanci gidan giya ba. Ba ƙarfina ba ne. Yabo ga Ubangiji!

Ban ce baƙin cikin ya tafi ba. Yana nan. Kunyar ce Yesu ya ɗauke.

Makon jiya Malam Hamisu ya kawo injin gonarmu, da murfinsa. Da aka tayar, ya ce, "Malam Dauda, kai za ka fara." Na ɗora hannun nan a kan murfin, bel yana gudu a ƙarƙashinsa, ba abin da ya taɓa ni. A nan na ce, "Iliya, Allah ya yi maka albarka."

Na gode wa Allah da bai mayar mini da abin da na yi ba. In akwai wanda kunya ta hana shi zuwa gabansa, ya zo, ba zai kore shi ba. Iyaye kuma, in ɗanku ya durƙusa, ku ajiye laujen. Amin.