Mai Ɗaga wa Zoraida Ƙwallo

A tashar motar garin Chincha, wata dattijuwa tana kallon hoton Zoraida, tsohuwar tauraruwar ƙwallon raga mai neman komawa majalisa. Wani mutum a gefenta ya tanka.

"Mama, kin ga gwana! Dukanta ɗaya, gari ya kaure da ihu."

"Sai an ɗaga mata ƙwallon take dukan."

"Ai mai dukan ake tunawa. Za ki zaɓe ta?"

"Wadda ta sa aka hana ɗaura raga a titi? A layinmu ta koya, mota na zuwa muna ɗage igiya."

"Haba Mama, hassada ce kawai! Kin taɓa riƙe ƙwallo kuwa?"

Ta dubi karkatattun yatsunta, ta mayar da su aljihu.

"Shekara goma sha ɗaya ni nake ɗaga mata. Ga motarka can."